Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙungiyar Vandals ta Jami'ar Idaho: Jadawali, Fili da 'Yan Wasa

Akwai wani ƙaramin gari a arewacin jihar Idaho ta Amurka mai suna Moscow. Ba babban birnin Rasha ba, wannan gari ne na mutum kusan dubu 25 da ke zaune a tsakiyar tuddan alkama na yankin Palouse. A nan Jami'ar Idaho take tun 1889, kuma ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafar Amurka ita ake kira Vandals. Tun zaman karatu da na yi a yankin ƙungiyar ta shiga raina, kuma har yau ina bin wasanninta. Duk kakar duniya tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a bakin magoya baya, wasu cikin fushi, wasu cikin fargaba. Na tattara su a nan na amsa gwargwadon abin da na sani da abin da na gani da idona.

Wai a wane mataki Vandals ke wasa yanzu?

Ƙwallon jami'o'i a Amurka hawa-hawa ce. Rukuni na ɗaya na hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ya rabu gida biyu. Na sama shi ne FBS, inda manyan jami'o'i irin su Alabama da Ohio State da Oregon suke, da filaye masu cin mutum dubu hamsin zuwa dubu ɗari. Na ƙasa da shi kuma FCS, inda kasafin kuɗi bai kai wancan ba, kuma ake fitar da zakara ta hanyar wasannin sili-ɗaya-ƙwale tsakanin ƙungiyoyi 24. Idaho tana FCS tun 2018, a cikin gasar Big Sky, tare da irin su Montana da Montana State da Eastern Washington da Weber State da Idaho State.

Me ya sa ta sauko daga FBS? Ba cin mutunci ba ne?

Wannan ciwon bai gama warkewa ba, don haka bari in ɗan zauna a kansa.

Idaho ta hau babban mataki a 1996. Daga nan ta shiga yawon neman gida. Ta fara da gasar Big West, wadda ta daina ƙwallon ƙafa bayan kakar 2000. Ta koma Sun Belt daga 2001 zuwa 2004, sannan WAC daga 2005 zuwa 2012, ita ma ta rufe shagon ƙwallonta. A 2013 Vandals suka yi kaka guda ba su da gasar da za su ce tasu ce, sai wanda ya yarda ya kara da su. A 2014 suka sake komawa Sun Belt a matsayin baƙi masu wasan ƙwallon ƙafa kaɗai. Duk wanda ya ɗauki taswira zai ga wahalar da ke ciki: yawancin sauran ƙungiyoyin gasar suna Georgia da Alabama da Louisiana da North Carolina, can kudu maso gabas, su kuma Vandals suna ƙuryar arewa maso yamma. Yaran da ke da aji ranar Litinin su ne ke keta ƙasar a jirgi kusan duk bayan mako biyu, domin su kara da makarantun da babu wani tarihi tsakaninsu.

A watan Maris na 2016 Sun Belt ta ce ba za ta sabunta zaman Idaho da New Mexico State ba bayan kakar 2017. Aka shiga halin gaba kura baya sayaki. Ko a zauna a FBS ba gasa, ana roƙon wasanni goma sha biyu duk shekara, ko a sauka. New Mexico State ta zaɓi ta zauna. Shugaban Jami'ar Idaho na lokacin, Chuck Staben, ya sanar a watan Afrilu cewa za a koma Big Sky. Ita ce makaranta ta farko da ta sauka daga FBS zuwa FCS da ƙafarta.

Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne kakar da ta biyo bayan sanarwar. Vandals suka ci wasa 9 suka faɗi 4, suka je Boise a watan Disamba suka doke Colorado State da ci 61 da 50 a wasan kofin ƙarshen kaka na Famous Idaho Potato Bowl. Kwatabak ɗinsu, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, Matt Linehan, ya soki shawarar shugaban jami'ar a bainar jama'a bayan an tashi wasa. Na fahimci zafin ransa. Yaro ya gama nuna cewa shi da abokansa za su iya, ga shi an riga an yanke hukuncin cewa ba za su ci gaba a wurin ba.

Amma in za a faɗi gaskiya, shekaru 22 da aka yi a sama, sau uku kacal aka je wasan kofin ƙarshen kaka: 1998 da 2009 da 2016. An ci duka ukun, kuma kowannensu abin tunawa ne, musamman na 2009 da aka doke Bowling Green 43 da 42 ana saura daƙiƙoƙi a tashi. Tsakaninsu kuwa akwai shekarun da wasa ɗaya tak ake ci a kaka guda, kamar 2013 da 2014. Ni dai ra'ayina saukar ta yi daidai, ko da yake yadda aka sanar da ita ya ɓata wa tsofaffin ɗalibai rai fiye da kima, kuma wasu masu ba da gudummawa sun janye hannunsu.

To saukar ta biya kuwa?

Da farko ba ta nuna alama ba. Kakanni huɗu na farko a Big Sky, a ƙarƙashin koci Paul Petrino, babu wadda aka ci fiye da yadda aka faɗi. Masu cewa an sauka a banza sun samu abin faɗa. Da Jason Eck ya zo daga South Dakota State a 2022 sai al'amura suka juya. Ya kai ƙungiyar wasannin sili-ɗaya-ƙwale a shekararsa ta farko, abin da rabon Idaho da shi tun 1995, sannan ya maimaita a 2023 da 2024, inda sau biyun aka kai kwata fainal. Cikin shekara uku ya ci wasa 26 ya faɗi 13. Wasan watan Disamba a gida, wanda in an ci za a wuce gaba in an faɗi kaka ta ƙare, abu ne da Moscow ba ta taɓa gani ba duk tsawon zaman FBS.

Me ya sa ake kai yaranmu gidan manyan ƙungiyoyi a farkon kaka ana lallasa su?

Saboda kuɗi. Babbar makaranta tana son wasan gida wanda take ganin za ta ci ba tare da ta rama ziyara ba, don haka sai ta biya ƙaramar makaranta ta zo. Ita babbar tana cika filinta ta sayar da tikiti, kuma doka ta yarda ta ƙirga nasara guda a kan ƙungiyar FCS cikin nasarori shida da ake buƙata kafin a je wasan kofin ƙarshen kaka. Ita kuma ƙaramar ta koma gida da cak ɗin da zai ɗauki nauyin abubuwa da yawa, har da wasannin da ba sa kawo ko sisi, irin su guje-guje da ninƙaya da tanis.

Wani misali da ba na mantawa shi ne na watan Agusta 2014. Vandals suka je Gainesville domin karawa da Florida. Tsawa da ruwan sama suka hana wasa, aka buga bugun farko kawai aka tsaya, daga baya aka soke shi gaba ɗaya. Duk da haka Idaho ta karɓi dala 975,000 da aka yi yarjejeniya a kai. Wannan adadin kaɗai ya isa ya nuna wa mai goyon baya dalilin da ya sa daraktan wasanni ba zai iya rufe wannan ƙofa ba.

Sai dai damuwar masu tambayar tana da tushe. A 2019 Penn State ta ci Idaho 79 da 7. Babu abin da yaro ɗan shekara 19 zai koya a irin wannan rana, sai haɗarin ya ji rauni tun kafin wasannin gasa su fara. A 2024 an je Oregon, wadda take cikin ukun farko a ƙasar, aka riƙe mata wuya har zango na huɗu ana 17 da 14, aka tashi 24 da 14. Duk ƙasar ta yi maganar Vandals a daren nan. Amma a wannan wasan ne kwatabak Jack Layne ya ji raunin da ya zaunar da shi makonni.

Abin da nake so a riƙa yi shi ne a zaɓi abokan karawa da hankali. Wasa da ƙungiyoyin FBS na yankin yamma waɗanda ƙarfinsu bai yi nisa ba ya fi amfani, ko da kuɗin bai kai na Penn State ba. An gani a 2023 da aka je Reno aka doke Nevada 33 da 6, aka kuma gani a 2024 da aka je Laramie aka doke Wyoming 17 da 13. An karɓi kuɗi, an dawo da nasara, kuma kwamitin da ke zaɓen ƙungiyoyin sili-ɗaya-ƙwale yana ba irin wannan nasara nauyi. Wasa ɗaya na kuɗi a shekara dole ne. Biyu za a iya jurewa in ɗayan mai ciwuwa ne. Manya biyu a jere kuwa zalunci ne ga yaran.

Me ya sa wasannin gida ba su da yawa?

Lissafi ne mai sauƙi. Wasannin gasar Big Sky takwas ne a kakannin da muka saba, huɗu a gida huɗu a waje. Ragowar uku ko huɗu su ne makaranta ke nema da kanta. Wasannin kuɗi duk a waje ake yin su. In aka ɗauki biyu, saura ɗaya ko biyu, kuma samun wanda zai yarda ya zo Moscow ba abu ne mai sauƙi ba. Garin yana da nisa, tafiyar tana da tsada, ƙungiyoyin gabas ba sa son ta sai an yi musu alkawarin ramuwa ko an biya su. Shi ya sa sau da yawa mai tikitin kaka yakan tarar da wasa biyar ne kawai a gida, wani lokacin ma sai Satumba ta yi nisa kafin a ga ƙungiyar a filinta.

Akwai hanyar cike giɓin, wato a gayyato makarantar da ke ƙasa da FCS a biya ta ɗan abin da ya samu. Ba na son wannan hanyar sosai, domin nasarar ba ta da ƙima wajen kwamitin zaɓe, 'yan kallo ma ba sa ɗokinta.

Yaushe za a dawo da wasan Boise State?

Babu tambayar da ta fi wannan tsufa. Rabon ƙungiyoyin biyu da haɗuwa tun 2010. Akwai lokacin da Idaho ce a sama, ta ci sau 12 a jere daga 1982 zuwa 1993. Daga baya ƙwallo ta juya, Boise State ta ci 12 a jere daga 1999 zuwa 2010, ta zama ƙungiyar da duk Amurka ta sani da shuɗin filinta. A 2010 shugaban Boise State na lokacin, Bob Kustra, ya yi wa magoya bayan Idaho kalamai masu zafi game da ɗabi'unsu, kuma har yau mutanen arewacin jihar ba su manta ba. Da Boise ta bar WAC sai wasan ya mutu.

In ya dawo, a Boise za a yi shi, a matsayin wasan kuɗi, domin babu abin da zai sa babbar ƙungiya ta bar filinta mai cin fiye da mutum dubu 30 ta zo rufaffen filin Idaho mai cin dubu 15. Mai goyon baya ya san da wannan tun yanzu. Ni zan so a yi shi ko da haka ne, saboda tsofaffin ɗaliban Idaho da yawa a Boise suke zaune, kuma jiha ce da ba ta da babbar ƙungiyar ƙwararru.

Su wane ne abokan hamayyarmu na gaskiya a yanzu?

Montana ce ta farko, kuma dawowar wannan wasa na cikin manyan ribar komawa Big Sky. Ana yin sa ne a kan wani ƙaramin kofi da ake kira Little Brown Stein. A 2022 Vandals suka je Missoula suka ɗauko shi da ci 30 da 23, a filin da baƙo ba ya cika fita da dariya. A 2023 Montana ta zo Moscow, fili ya cika maƙil, ana nunawa a talabijin na ƙasa, ta karɓe shi da ci 23 da 21. Akwai Idaho State ta garin Pocatello, akwai Eastern Washington da ke Cheney, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba. Sannan ga Washington State a Pullman, mil takwas kacal daga Moscow. Ita tana FBS, don haka ba kullum ake haɗuwa ba, amma in aka haɗu babu kuɗin jirgi babu na otal. Idaho ta ci ta a 1999 da 2000, kuma a 2022 da ƙyar Washington State ta sha da ci 24 da 17.

Filinmu na Kibbie Dome bai yi ƙanƙanta ba? Me ya hana a gina sabon fili?

Wanda bai taɓa shiga ba, bari in kwatanta masa. Daga waje kamar an tsaga ƙatuwar ganga gida biyu an kifa rabi a kan tudu. An fara buɗe shi a 1971 a matsayin fili marar rufi, aka ɗora masa rufin katako mai lanƙwasa a 1975, faɗinsa ƙafa 400 babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Sunan ya fito daga William Kibbie, ɗan kasuwar da ya ba da gudummawar ginin. Kujeru suna gefe biyu ne kawai. A ƙarshen fili babu 'yan kallo sai bango, kuma bangon ya matso sosai har sandunan raga a jikinsa aka maƙala su, aka lulluɓe ƙasansa da katifu saboda mai gudu da ƙwallo kada ya yi karo. Yana cin mutum dubu 15 da ɗoriya. Lokacin da Idaho ke FBS, yana cikin mafi ƙanƙanta a duk rukunin.

Na taɓa shiga a wata Asabar ta Nuwamba, iska mai sanyi tana yanka fuska tun daga wurin ajiye motoci, yatsuna sun ƙage a cikin aljihu. Ina tura ƙofa sai ɗumi da ƙanshin gugguru suka tare ni, ga masu kaɗe-kaɗe na jami'a suna busa, sautin yana dukan rufin yana dawowa. Da baƙi suka zo yunƙuri na uku, wanda in ba su ci tazarar da ake buƙata ba sai sun saki ƙwallo, jama'a suka miƙe suka ɗauki ihu. Wani dattijo da ke gefena, sanye da tsohuwar rigar ƙungiyar mai ruwan zinariya, yana yi mini magana bakinsa kusa da kunnena amma ban ji ko kalma ɗaya ba. Mutum dubu goma a cikin wannan ɗaki sun fi dubu talatin ƙara a buɗaɗɗen fili.

An taɓa gwada wata hanyar. Daga 1999, na 'yan shekaru, Idaho ta riƙa yin wasannin gidanta a Martin Stadium na Washington State, domin ta cika sharuɗɗan girman fili da yawan 'yan kallo da babban mataki ke nema. Wasan gida a wata jiha, a filin abokin hamayya, da launinsa a ko'ina. Zanen aro dai ba ya rufe katara, aka dawo gida.

Sabon fili zai ci dubban dubban daloli da jami'ar ba ta da su, kuma ban ga wanda zai cika shi ba. Gari ne na mutum dubu 25, Boise tana da nisan kusan mil 300, Spokane kuma tana da nata ƙungiyoyin da take bi. Faɗaɗa ginin da ake da shi ma yana da wuya, saboda rufin ne ya ƙayyade faɗinsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A FCS girman Kibbie Dome daidai ne, kuma rufinsa babbar dama ce a wasannin Disamba.

To ba abin da za a gyara ke nan?

Akwai, kuma an yi wasu. Tsakanin 2009 da 2011 an cire tsofaffin bangayen katako na ƙarshen ginin aka sa masu shigo da hasken rana, aka inganta hanyoyin fita saboda gobara, aka ƙara wuraren zama na masu biyan kuɗi da yawa. A 2021 aka buɗe ICCU Arena, ƙwallon kwando ta bar ginin, wanda a da ake ja labule a shimfiɗa mata fili a ciki. A 2023 aka sayar da haƙƙin suna, ya zama P1FCU Kibbie Dome. Wasu sun yi ƙorafin sunan, amma kowa Kibbie Dome yake cewa har gobe.

In ni ne mai rabon kuɗi, ba a kan ƙarin kujeru zan kashe ba. Yaro ɗan sakandare da ya zo ziyara da iyayensa, ɗakin canza kaya yake dubawa, da ɗakin ɗaga ƙarfe, da wurin kula da masu rauni, da abincin da ake ba 'yan wasa. Nan Montana da Montana State suke gasa da mu, kuma nan ya kamata kowace dala ta fara zuwa. Masu kallo kuma buƙatarsu ba ta wuce layin abinci da banɗaki da ba za su cinye hutun rabin lokaci ba.

'Yan wasa nawa ke samun karatu kyauta?

Tsarin da aka daɗe a kai shi ne FBS tana ba mutum 85 cikakken tallafin karatu, FCS kuma tana da kwatankwacin 63, amma an yarda ta gutsuttsura su ta raba wa mutum har 85. Wato wani ya samu cikakke, wani rabi, wani kwata. Akwai kuma waɗanda ke shigowa da kuɗin aljihunsu, su yi atisaye kamar kowa, suna fatan wata rana a kira sunansu. Wannan giɓi na 22 shi ne ake gani a zango na huɗu in ana wasa da babbar ƙungiya: sha ɗayan farko suna iya ja, amma in suka gaji ko suka ji rauni, na bayansu ba su kai ba. Yarjejeniyar da kotu ta amince da ita a watan Yuni 2025, wadda ake kira da sunan House, ta sauya tsarin ga makarantun da suka shiga cikinta: an cire iyakar tallafin aka sa iyakar 'yan wasa 105, kuma aka yarda makaranta ta biya 'yan wasanta kai tsaye har kusan dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Babu makarantar Big Sky da za ta je kusa da wannan adadi.

Me ya sa duk wanda ya yi fice sai ya tafi?

Wannan ce damuwar da ta fi kowace girma a yau, ta fi ta fili, ta fi ta jadawali. A da, ɗan wasan da ya sauya makaranta zuwa FBS sai ya zauna shekara guda bai taka leda ba, kuma wannan ya riƙe mutane da yawa a inda suke. A 2018 aka buɗe kundin sauya sheƙa, inda ɗan wasa zai sa sunansa kowane koci ya gani. A 2021 aka cire zaman shekarar ga mai sauyawa karo na farko, kuma a ranar 1 ga Yuli na shekarar aka yarda 'yan wasa su karɓi kuɗi da sunansu da hotonsu. A 2024 aka cire iyakar yawan sauyawar ma.

Ga yadda abin ya taɓa mu. Gevani McCoy ya zo Moscow ba wanda ya san shi, ya ci kyautar Jerry Rice ta gwarzon sabon ɗan wasan FCS a 2022, ya kai ƙungiyar kwata fainal a 2023, sannan ya koma Oregon State. Anthony Woods, mai gudu da ƙwallo, ya koma Utah a lokaci guda. Bayan kakar 2024 Eck ya karɓi aikin New Mexico, kuma wasu daga cikin fitattun 'yan wasan suka bi shi, har da Jack Layne.

Ina jin mutane suna kiran yaran nan butulu, kuma ba na yarda da wannan. Shekarun wasan ɗalibi 'yan kaɗan ne. Mafi yawansu ba za su taɓa shiga NFL, babbar gasar ƙwararru, ba. In aka ce wa yaron da mahaifiyarsa ke aiki biyu ga kuɗin da zai canza halin gidansu, ga kuma damar a gan shi a babban fage, da wane baki za mu ce ya zauna? Kocin da ya ɗauko shi ma in ya samu albashin da ya ninka nasa tafiya yake yi, kuma ba wanda ya taɓa sa shi zaman shekara. Idaho ta daɗe da sanin wannan: Dennis Erickson ya tafi bayan 1985, ya dawo a 2006, ya sake tafiya bayan kaka ɗaya.

Abin da ke yi mini ciwo shi ne yaran gari da ke sayen riga mai lambar ɗan wasa, kafin rigar ta tsufa mai lambar ya bar gari. A da kana ganin yaro ya zo siriri, ka bi shi shekara huɗu har ya zama namiji, ka tafa masa a ranar bankwana da iyayensa a tsakiyar fili. Irin wannan yana raguwa.

Akwai abin da za a iya yi a riƙe su?

Ba duka ba, amma akwai. Na farko, ƙofar nan biyu take buɗewa. Kamar yadda namu ke hawa, haka akwai yaran FBS da suka gaji da zaman benci suke neman inda za su yi wasa, kuma ƙungiyar da ke zuwa sili-ɗaya-ƙwale tana da abin da za ta nuna musu. Na biyu, a ci gaba da neman yaran sakandare na Idaho da gabashin Washington da Oregon da Montana, waɗanda iyayensu za su iya tuƙo mota su zo kallo. Irinsu sun fi zama. Na uku, kuɗin da magoya baya ke tarawa domin 'yan wasa ba zai taɓa kai na manya ba, amma ba a buƙatar ya kai. Ba za a iya riƙe kwatabak ɗin da Oregon State ke nema ba. Za a iya riƙe mai tsaron layi na biyu da na uku, waɗanda ɗan abin biyan haya da gyaran mota zai sa su fasa tafiya wata makarantar da ba ta fi mu da komai ba. Ƙungiya a kan irin waɗannan take tsayawa.

Ɗaukar Thomas Ford a matsayin koci a watan Disamba 2024 ma yana da nasaba da wannan tunani. Ya yi mataimaki a Moscow a 2022 da 2023 kafin ya yi shekara guda a Oregon State, don haka ya san ƙungiyar, ya san yaran da ya taimaka aka ɗauko. Wanda ya gaji ƙungiyar da aka kwashe mata manya yana buƙatar a ba shi lokaci kafin a yanke masa hukunci.

Za a taɓa komawa FBS?

Duk lokacin da gasannin yamma suka girgiza sai wannan magana ta taso, musamman tun da Pac-12 ta watse a 2024, kuma Boise State da wasu suka amince su bar Mountain West su shiga sabuwar Pac-12. Amma ƙofar ta ƙara tsauri. A watan Oktoba 2023 NCAA ta ɗaga kuɗin hawa daga dala 5,000 zuwa dala miliyan 5. Ta cire tsohon sharaɗin 'yan kallo dubu 15, wanda ya daɗe yana damun Idaho, amma ta sa wani a madadinsa: daga 2027 makarantar FBS sai ta riƙa ba da tallafin karatu aƙalla 210 a duk wasanninta, wanda darajarsa ba ta gaza dala miliyan 6 a shekara ba. Ƙarin tallafi ga maza kuma yana jawo ƙarin na mata, saboda dokar daidaito tsakanin maza da mata ta 1972. Sannan sai wata gasa ta gayyace ka. Delaware da Missouri State sun hau a 2025 saboda Conference USA ta buɗe musu ƙofa. Rashin irin wannan gayyata mai ɗorewa ne ya sauko da Idaho tun farko, kuma taswira ba ta canza ba.

Ga wanda ke nesa, ƙarfe nawa ake wasannin?

Moscow tana kan agogon gaɓar Pasifik. Daga farkon kaka zuwa farkon Nuwamba Najeriya da Nijar suna gabanta da awa takwas, bayan an mayar da agogo baya kuma awa tara. Wasan ƙarfe ɗaya na rana a Kibbie Dome yana kamawa ƙarfe tara ko goma na dare a Kano ko Zinder. Wasannin dare, irin waɗanda talabijin ke so a sili-ɗaya-ƙwale, kan fara ne wajen ƙarfe huɗu na asubahin Lahadi, su kai har bayan an idar da sallar asuba. Yawancin wasannin Big Sky a ESPN+ ake nuna su.